Sallamar da Ta Tashi Tsuntsun Iya

Kwana biyu na yi a wata tashar mota a Kampala ina jiran mutumin da zai zo ya kai ni gonar shinkafa, kuma har yau da nake ba ku labarin nan bai iso ba. Wani dillali ne a Kano ya ce ana neman mai gyaran injin ban-ruwa a ƙasar Yuganda. Ya nuna mini hoton gona kore shar da injina a jere, ya ba ni lambar wayar manaja. Ni kuwa Sabi'u na Rano, wanda duk fadamar Rurum babu injin da bai san hannuna ba, na ce ai wannan aiki ni aka yanka wa. Da na sauka na kira lambar, wata mata ce ta ɗauka, ta ce ita kifi take sayarwa, ba ta san wata gona ba. Na kira dillali, waya a kashe. Nan na zauna a kan jakar sifanonina, na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa.

Rana ta uku ta kama Juma'a. Na bi bayan wasu masu huluna har masallaci, don ko ba komai a can ba a tambayar mutum daga ina yake. Bayan an idar na juya na gaida dattijon da ke gefena, gaisuwa irin ta gida, har da ranƙwafawa. Ya riƙe hannuna bai saki ba. Sunansa Hajji Twaha, masunci ne daga wani ƙauye a bakin Tafkin Biktoriya, ya shigo birni neman wanda zai duba masa kafireton injin kwalekwalensa, ga shi nan a naɗe cikin tsohuwar jarida. Turancinsa gurgu ne, nawa ma ɗingishi yake, amma muka lallaɓa. Na ce ya ba ni in gani. A ƙofar masallacin na kwance shi, na wanke, na hure ƙofofin da suka toshe, na mayar da komai wurinsa. Ya tambaye ni ina na sauka. Na ce a tasha. Ya dubi jakata, ya dubi idanuna da suka yi zuru-zuru, ya ce, "Tashi mu tafi gida."

Allah ya saka wa Hajji Twaha da alheri. Ɗaki ya ba ni da tabarma, matarsa kuma ba ta taɓa zuba abinci ta manta da ni ba. Sai dai abincin ne matsalar. Ayaba ce ake dafa ta ɗanya, a tuƙa ta cikin ganye, a zuba mata miyar gyaɗa, safe da rana da yamma. Ina ci ina godiya, amma wallahi akwai ranar da na tuna tuwon dawa da miyar kukar Inna, da man shanun da take saya wurin Fulanin bayan Kibiya, sai da na ajiye kwanon na fita waje. Ga ruwan sama kullum, ba damina ba rani. Ga tafki a ƙofar gida, ba ka ganin ƙarshensa. Ni ɗan gindin dutse ne. Duk shekarun da na yi ina aiki a bakin dam, ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba, kuma iyo ko na kare ban iya ba.

Da na kwana biyu, Hajji ya kai ni wani masauƙin baƙi da ke bakin wata ƙatuwar fadama, inda gwamnati ta hana farauta da ƙona daji. Mai wurin mace ce, Madam Namuli, doguwa, ba ta dariya sai da dalili. Tana da kwalekwale masu inji, rabinsu a kwance. Ta nuna mini ɗaya ta ce in tada shi. Kafin azahar na tada uku. Ta ba ni wata rumfa a bayan kicin ta ce nan ne wurin aikina.

Daga rumfar nan nake kallon ikon Allah. Mutane ne daga ƙasashe masu nisa, sun hau jirgin sama, sun bar gidajensu, sun zo kallon tsuntsaye. Ba su ci ba, ba su kama ba, kallo kawai. Da asuba za su fito da madubin hangen nesa a wuya da littafi a hannu, su shiga kwalekwale, su dawo da rana suna murna kamar sun dawo daga kasuwa da riba. Mu da muke kwana a gonar shinkafa da gwangwani da majajjawa muna korar tsuntsu, a ce wai ga masu biyan kuɗi su gan shi! Kuma duk cikinsu akwai guda da ya fi kowane farin jini, wanda mutanen wurin ke kira bulwe. An zana shi a bangon ɗakin cin abinci: toka-toka, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, da wani baki kamar an kifa masa akushi a fuska. Ba shi da yawa, ba ya son hayaniya, wani baƙon sai ya yi mako bai gan shi ba. Ni dai zanen kawai na sani, don wata huɗu na yi a wurin ban taɓa shiga cikin fadamar ba. In an kawo inji in gyara, in an ɗauka in yi musu addu'a daga tudu.

Sai ga wata tsohuwa ta zo daga wata ƙasa mai sanyi a Turai, ita kaɗai, da sanda da baƙin tabarau. Sunanta ya ƙi zama a bakina, don haka Iya nake ce mata, ita ma ta karɓa. Kullum in ta wuce ta gaban rumfata na kan miƙe in gaishe ta, ta tsaya ta juyo da gefen fuskarta, kamar yadda kaza ke kallon abu. Na zaci ɗabi'arta ce. An haɗa ta da Waswa, wanda ya fi duk direbobin kwalekwalen sanin fadamar.

Ranar da abin ya faru, sun fita da sassafe, sai Madam ta ga Iya ta manta da maganin da take ɗigawa a ido a kan tebur. Ba kowa a kusa sai ni. Ta ce in kai mata yanzu. Na fara kame-kame, ta kafe ni da ido, na karɓi kwalbar. Hajji Twaha yana bakin ruwa yana gyaran raga, shi ya ɗauke ni a ƙaramin kwalekwalensa, ni a gaba, shi a baya yana tuƙawa da gora.

Muka shiga wata siririyar hanya tsakanin ciyayi irin kacalla, masu tuntu a ka, sun fi mutum biyu tsawo. Ina riƙe da bakin kwalekwale hannu bibbiyu ina karanta duk addu'ar da na sani. Muna karya wata kwana sai ga su. Inji a kashe, Waswa ya duƙa a baya, Iya a zaune a gaba, babu mai motsi, babu mai magana, sun yi jugum kamar gidan makoki. Zuciyata ta ba ni ko inji ne ya mutu musu, ko kuma jikin tsohuwar ne. To mu a Rano ba a iske mutane, balle da babba a cikinsu, a yi musu shiru kamar ɓarawo. Wanda ya yi haka, kafin la'asar an kai wa uwarsa labari. Sai na manta da tsoron ruwa, na miƙe tsaye cikin farar rigata, na ɗaga kwalbar maganin sama, na buɗe murya yadda nake yi in na shiga gonar mutane:

"Salamu alaikum! Sannunku da aiki! Iya, ina kwana? An tashi lafiya?"

Ban rufe baki ba na ji fam, fam, fam. Wani abu mai ruwan toka ya ɗaga daga cikin ciyawa, bai fi taku goma da su ba, ya ba mu baya, ya haye saman kacallar ya ɓace. Waswa ya ɗora hannu biyu a ka. Hajji daga bayana ya ce, "Inna lillahi." Ashe tun daga kwanar yake ta yi mini alama in yi shiru, ni kuwa ƙeyata ba ta da ido.

Iya madubinta yana hannu, ta ɗago shi bai kai ga fuskarta ba. Ta ce, "Ya tafi?"

Waswa ya ce, "Ya tafi."

Ta sauke madubin a hankali ta ajiye a cinya. Ta juyo wajen da ta ji muryata ta ce wane ne. Na ce ni ne Sabi'u mai gyaran inji, maganinta na kawo. Ta miƙo hannu, na sa mata, ta ce ta gode. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A bakin ruwa Waswa ya wanke ni tas, kuma a cikin faɗan na ji abin da ban sani ba. Idon Iya mutuwa yake yi. Tsakiyar ganinta ya riga ya tafi, saura gefe-gefe, shi ma sai abu yana kusa ƙwarai. Likita ya gaya mata abin da ya rage ba zai daɗe ba. Shi ya sa ta tattara ta taho, don ta ga bulwe kafin duhu ya rufe. Sauran baƙi daga nesa suke hango shi su gamsu, ita kuwa sai an kai ta dab da shi. Awa biyu Waswa ya yi yana matsar da kwalekwalen kaɗan-kaɗan, har suka kai inda za ta iya gani, ni kuma na iso da sallamata. Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce saura kwana huɗu Iya ta tafi, in ta tafi ba ta gan shi ba, in ɗauki sifanonina in bi bayanta. Kafin nan kuma kullum in shiga kwalekwalen tare da su, in lura da inji, in taya tura gora, bakina a ɗinke.

Da yamma na kira Inna a Kibiya na gaya mata komai. Ta ce, "To yanzu sallamar ce ta zama laifi?" Na ce a nan ta zama. Ta ce, "Wai tsuntsu? Tsohuwa ta bar ɗakinta ta ƙetare duniya saboda tsuntsu? Ka ce ta zo nan in nuna mata zabina." Na ce Inna, idonta ne zai rufe. Can ta ce, "Ayya, baiwar Allah. To kai ka ɓata, kai za ka gyara. Kada ka sake ka dawo mini da haƙƙin tsohuwa a wuya."

Kwana biyu muna fita tun duku-duku muna dawowa da rana tsaka. A nan na san fadamar, kuma ba zan ɓoye ba, ta shiga raina. Bado ya rufe ruwa, furanni shuɗi da fari, wasu tsuntsaye masu dogayen yatsu suna tafiya a kan ganyensa ba sa nutsewa. Karen ruwa ya leƙo ya dube mu ya koma. Wata barewa mai zama cikin ruwa ta tsaya daga ita sai kai da ƙaho. Bulwe kuwa ko inuwarsa. Ni na kama bakina kamar yadda aka ce, amma Iya ce ta ƙi. In mun tsaya hutawa sai ta ce, "Sabi'u, wannan mai fito ɗin da ya wuce, kuna da shi a garinku?" In ce kirinjijiya ce, suna sauka a dam ɗinmu garke-garke. Ta sa in maimaita, ta gwada faɗa, harshenta ya harɗe, mu yi dariya. Na gaya mata gauraka, da dinya, da balbela, da shamuwa wadda in ta sauka a kan rimin ƙofar gidanmu manoma ke fito da iri. Duk ta rubuta cikin littafinta da manyan haruffa kamar na allo. Da kunne take gane yawancinsu, tun kafin Waswa ya nuna.

Ita ma ta ba ni nata labarin. Ashe direbar bas ce, a kan sitiyari ta tsufa. A ofishin tasharsu aka taɓa rataye wata kalanda mai hoton bulwe, shekara ta ƙare aka jefar, ta ɗauka ta kai gida. Ta ce fuskarsa ce ta ba ta dariya, kamar wani fasinja mai fushi da ke hawa motarta kullum. Tun daga nan take cewa wata rana, wata rana, har ido ya fara tafiya. Ba ta taɓa tada zancen sallamata ba, ko sau ɗaya. Wannan ya sa na ƙara jin kunyarta, kuma na ƙaunace ta kamar kakata.

Yammacin rana ta biyu Waswa ya same ni a rumfa. Fushinsa ya sauka, har da kawo mini gasasshiyar masara. Ya ce yana da dabara. Akwai wani ƙaton zalɓe mai ruwan toka da ke tsayawa wuri guda kullum da safe. In aka tsaya daga ɗan nesa aka ce mata shi ne, me za ta gane? Ya ce, "Za ta koma gida da farin ciki, kai ka tsira da aikinka. Wa aka cuta?" Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na tuna tashar Kampala, na tuna yadda zan shiga Rano hannu rabbana bayan duk cika bakin da na yi. Na ci masarar na yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

Da safe muka je. Ga zalɓen can a tsaye. Waswa ya kashe inji, ya matsa kaɗan, ya sunkuya ya raɗa mata, "Ga shi can, dama da ke." Iya ta ɗaga madubi. Ta daɗe tana juya kai tana neman gefen da zai kama mata. Na ga ta laluba littafinta, ta buɗe, ta cire murfin biro da haƙori. Sai ta tsaya. Ta ce a hankali, "Wani abu toka-toka nake gani, ba na ganin bakin. Sabi'u, kai gaya mini. Shi ne?"

Waswa ya zuba mini ido. Wallahi na so in ce shi ne, kalmar har ta zo kan harshena. Amma matar nan idona ta ara, don nata ya gaza, kuma ni na san yadda ake ji in mutum ya yarda da hoton da aka nuna masa.

Na ce, "Iya, zalɓe ne. Muna da irinsa a gida."

Ta mayar da murfin biron, ta rufe littafin, ta ce mu koma. Da muka iso, Waswa ya ɗaure kwalekwale ya wuce ko kallona bai yi ba. Da la'asar Madam ta kira ni. Na tafi ina lissafin ta inda zan fara tattara kayana. Sai ta ce Iya ta same ta, ba ta kai ƙarar kowa ba, abu ɗaya ta roƙa: ko ta ga tsuntsun ko ba ta gani ba, kada a kore ni. Madam ta ce ta yi mata alkawari, in koma bakin aikina.

Ka ce na yi murna? Ko kaɗan. Aiki ya tsira, amma gobe da azahar mota za ta zo, tsohuwa za ta koma ta shiga duhu ba ta ga abin da ya kawo ta ba, kuma ni ne sila.

Na iske Hajji Twaha yana alwalar magariba, na tsuguna na gaya masa. Su masunta ba sa shiri da bulwe. Tsofaffinsu na cewa wanda ya yi karo da shi da safe zai dawo da raga wayam, don haka ko sun san inda yake ba sa zancensa. Hajji ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya tambaye ni ko na san abin da tsuntsun ke ci. Ya kwatanta mini wani kifi mai kama da maciji, mai leƙowa sama ya shaƙi iska. Na ce gaiwa! Ai mu da rani har haƙo ta muke yi daga busasshen taɓon fadama. Ya ce to akwai wani lungu can ciki inda gaiwa ta yi yawa, kuma tun ranar da na tashe shi can ya koma, shi ya gan shi da idonsa. Sai dai hanyar ta toshe da ciyawa. Inji ba ya shiga, gora ba ta samun ƙasa mai ƙarfi, kuma ƙararta za ta tashe shi. Sai dai mutum ya sauka cikin ruwa ya tura kwalekwalen da hannu.

Na ce, "Ruwan zai kai ina?"

Ya miƙo hannu ya taɓa mini ƙasan wuya.

Na ce, "Kada fa?"

Ya ce kada ba ya son wurin.

Na ce, "Hajji, ba ya so ne, ko dai bai taɓa gwadawa ba?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce in je in yi salla.

Da asuba muka ɗauki ƙaramin kwalekwalen Hajji, don shi ne zai iya kutsawa. Muna shirin tashi sai ga Waswa ya zo, ya karɓi hannun Iya ya zaunar da ita a gaba, ya shigo. Muka yi tafiya mai nisa har gari ya waye sosai, hazo yana tashi daga kan ruwa. Inda hanya ta ƙare, Hajji ya kafe gorarsa ya nuna da haɓa. Waswa ya tuɓe riga ya zame cikin ruwa ta gefen hagu, ko motsi ruwan bai yi ba. Ni kuma na yi bisimilla, na rufe ido, na sauka ta baya.

Sanyi ya soke ni har cikin ƙashi. Ƙafata ta nemi ƙasa ta rasa, sai wani abu mai laushi, tushen ciyawa da taɓo, kana takawa yana lotsawa. Ruwa ya zo mini ƙirji, ya zo wuya. Na ƙanƙame gindin kwalekwalen, na ji ihu yana taso mini daga ciki, na danne shi da haƙori. Waswa yana buɗe ciyawa da hannu, ni ina turawa. Taku ɗaya, mu tsaya. Taku ɗaya, mu tsaya. Sau biyu ƙafata ta zurma na sha ruwa, na haɗiye ban yi tari ba. Matsattsaku suka same ni, ina jin su a ƙafa da ciki suna aikinsu, ba hannun da zan cire su. Sauro ya rufe mini fuska. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san rana ta fito ta fara dukan ƙeyata. Daga inda nake ba na ganin komai sai katakon kwalekwale da ƙafar Hajji.

Sai na ji wata ƙara a gabanmu, ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga muciya biyu da sauri. Hajji ya sauko da tafin hannunsa ya dafa kaina. Na tsaya cak. Bayan ɗan lokaci ya ɗaga yatsa ɗaya, na ƙara taku ɗaya. Ya sake ɗagawa, na ƙara. Sannan ya dafa kaina ya bar hannun a wurin.

Shiru. Na ji ƙarar igiyar madubi tana gogar rigar Iya. Na jira. Ƙafafuna suna rawa a cikin taɓo, ina roƙon Allah kada rawar ta kai ga kwalekwalen.

Can na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kanta.

"Ga bakin. Wayyo, ga bakin nan. Akwai ɗan ƙugiya a ƙarshensa." Can ta ƙara da cewa, "Yana da ɗan tukku a ƙeya. Ba wanda ya gaya mini yana da tukku." Sannan muryarta ta karye. "Ya ƙifta ido. Sabi'u, yana kallona. Na gan shi. Na gan shi."

Ni da ke cikin ruwa har wuya, sai ga wani ruwan yana zubo mini daga ido. Na kifa goshina a jikin katakon na yi kuka ba sauti. Ta gefen kwalekwalen na hango Waswa, shi ma ya juyar da fuska.

Jim kaɗan na ji Hajji yana taɓa ni. Na ɗaga kai, sai ga madubin yana saukowa a hannunsa. Iya ce ta cire daga wuyanta ta miƙo baya, hannu zuwa hannu. Ta waiwayo da gefen fuskarta, hawaye har haɓa, ta raɗa, "Ba shi ya gani. Shi bai taɓa ganinsa ba."

Na so in gani, Allah ya sani na so. In na ɗan leƙa ta gefe, na saki hannu ɗaya, shi ke nan. Na dubi madubin, na dubi tsohuwar. Na girgiza wa Hajji kai, na ce a hankali yadda za ta ji:

"Mayar mata. Iya, ki ci gaba da kallo. Ni ina da gobe."

Madubin ya koma gaba. Na gyara tsayuwa a cikin taɓon, na ƙara ƙanƙame kwalekwalen da hannu biyu don kada ya motsa.